Darasi na 14: Buɗe wa kyamarar shago ƙofa a rauta

Rauta ita ce ƙaramin akwatin nan mai fitilu da ke raba intanet a shago. Aikin maigadi take yi: na waje ba ya shiga sai an ce mata, "wanda ya zo ƙofa kaza, kai shi ɗaki kaza." Abin da za mu faɗa mata ke nan yau, don ku riƙa ganin shagonku a waya kuna gida.

Ku haɗa wayarku da waifai na shagon. Ku kifa rautar, akwai takarda manne a ƙarƙashinta, ɗauke da lambar shiga da kalmar sirri. A TP-Link galibi 192.168.0.1 ce, a Huawei kuma 192.168.8.1. Gungu huɗu, ɗigo uku. Ɗigo fa, ba waƙafi ba. Ku rubuta ta can sama a burauza, ku shiga.

To, a nutsu a nan. Lamba biyu ce, kuma sun yi kama. Ɗaya ta rauta, wadda kuka shiga da ita. Ɗaya ta na'urar da ke naɗar hoton kyamara, za ku gan ta a allon na'urar, sashen "Network". A ce 192.168.0.50 ce. Ku rubuta ta a littafi, ku ja mata layi. Ta ƙare da 1, yawanci ta rauta ce. Tamu ta ƙare da 50. Wanda ya rikice kada ya ji kunya, a sake dubawa.

Yanzu ku nemi "Port Forwarding", wasu rautocin na rubuta "Virtual Server". A akwatin ƙofa, wato "Port", ku sa 8000 in na'urarku ƙirar kamfanin Hikvision ce, ku zaɓi TCP. A akwatin "IP Address" wace lamba za a sa? Mai layi. Ta na'ura. Ba ta rauta ba. Ku danna "Save", ku maimaita da ƙofa 554, nan ma mai layin dai.

Haba jama'a! Kowane aji sai an samu masu sa lambar rauta, su dawo suna cewa intanet ne ba kyau. Ba intanet ba ne, gaggawa ce. Littafin na gabanku, ku kwafa ɗigo bayan ɗigo. Kuma ku ɗaure lambar na'urar a sashen "Address Reservation" na rautar, in ba haka ba ana ɗauke wuta a dawo da ita, rauta na iya ba na'urar wata sabuwa, aikinku ya tashi a banza.

Darasi na 15: Gwaji

Ku kashe waifai, ku kunna data, ku gwada. In ya ƙi, ku duba "WAN IP" a rautar, wato lambar da kamfanin intanet ya ba ta. In gungunta na farko 10 ne, ko kuma ta fara da 100.64, kamfaninku ne ke raba lamba ɗaya ga mutane da yawa. Sai ku nemi taku a wurinsu.

Darasi na 16: Kalmar sirri

Ku canza wadda na'urar ta zo da ita. Ban da 12345.