Yadda Ake Yi wa Tsohuwar Motar Tsere Sabis Tun Ba Ta Kwanta Ba

Tsohuwar mota mai kujera biyu ba yawan tafiya ke kashe ta ba, zama ne. Mai ita yakan fito da ita ranar Asabar da la'asar, ya ɗan zaga gari a gan shi, ya mayar ya lulluɓe ta da tamfol. Mita na nuna tafiya kaɗan, shi kuwa gani yake har yanzu sabuwa ce. A ƙarƙashin bonet kuwa roba na bushewa, man birki na tsotsar danshi, ruwan lagireto na komawa kunun tsatsa. Shi ya sa irin wannan mota da kalanda ake yi mata sabis, ba da mita kaɗai ba.

Zan yi misali da Mazda MX-5 ta farko, mai fitilun nan da ke ɗagowa kamar idon kwaɗo. An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Cikago a watan Fabrairun 1989, aka ci gaba da ƙera ta a Hiroshima har 1997. A Amurka Miata ake ce mata, a Japan kuma Eunos Roadster. Da injin lita 1.6 ta fara, daga wajen 1994 aka kawo mai 1.8. Ko autar cikinsu yau ta doshi shekara talatin. Alƙaluman da zan kawo nata ne. Idan taka Celica ce ko BMW Z3, nemi alƙaluma a littafinta, amma jerin aikin bai canza ba.

Mataki na 1: Ajiye sufana tukuna

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Da safe kwalin zai ba ka labari: baƙin ɗigo man juye ne, kore ko ja mai tsinkewa ruwan lagireto ne, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai man giya ne. Sai ka tayar da ita tana da sanyi, ka kasa kunne. Idan ka ji wani "tik-tik-tik" daga saman inji da ke ɓacewa bayan ɗan lokaci, kada hankalinka ya tashi. Bawul ɗin wannan inji da matsin mai suke daidaita kansu, kuma sukan yi wannan ƙara idan mai ya tsufa ko motar ta daɗe a ajiye.

Sayi ɗan littafi ka ajiye a aljihun mota. Duk abin da wanda ya sayar maka ya ce an canza, in babu rasit, rubuta shi a jerin waɗanda ba a canza ba.

Mataki na 2: Man juye

Ɗumama inji, juye mai, canza filta. Filtar tana ɓoye a gefen dama na inji, sai ka zura hannu da lalube. Shafa wa robarta sabon mai, ka ɗaure da hannu kawai. Mai 1.6 tana shan wajen lita uku da rabi, mai 1.8 kusan huɗu. Littafinta 10W-30 ya ce. A zafin Afrilu na Kano ko Maraɗi 10W-40 ba laifi, amma ban goyi bayan a ɗura mata 20W-50 don a ɓoye hayaƙi ba, domin mai kauri ba ya saurin isa ƙananan hanyoyin da ke ciyar da bawul. Canza duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Kuma saya inda ka amince, galan mai kyau ba shi ne mai mai kyau ba.

Mataki na 3: Lagireto da duk abin da ya rataya da shi

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, don zafi ne ajalin yawancin waɗannan injuna. Gangar injin ƙarfe ce, kansa kuwa alminiyam. In ya yi zafi sau ɗaya mai tsanani, kan zai iya lanƙwashewa, gaskit ya ƙone, daga nan kuma magana ta koma ta kuɗi masu yawa.

Fara da duban saman lagireto. Na roba ne, kuma baƙi yake zuwa daga kamfani. Idan ka ga ya koma ruwan ƙasa ko ya yi kore-kore kamar busasshiyar kuka, ya gama rayuwarsa ko da ba ya yoyo. Wata rana a cunkoso zai tsage ba sallama. Canza shi. Daga nan bi kowane tiyo da hannu kana matsawa. Wanda ya yi tauri kamar kara, ko ya kumbura ya yi laushi, ya tafi. Kada ka tsaya kan manya biyu na gaba, akwai ƙanana da suka maƙale a gefen inji da bayansa, kuma su ne suka fi cin amana.

Biyu daga ciki suna can baya, su ne ke kai ruwa ga hita. Mu nan hita ba ta dame mu ba, amma ruwan na bi ta ciki dare da rana. A bayan kan inji akwai wata na'ura mai gaya wa kwamfutar mota lokacin sakin wuta, tana da zoben roba guda da ke hana mai fita. In zoben ya bushe, mai yakan riƙa ɗiga, kuma a mai 1.8 kan tiyon hita yake sauka, ya jiƙa shi har ya ruɓe. Zoben bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, amma ya sha kashe inji.

Sai maganar tamosta, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi. Bakaniken unguwa da ya ga mota ta shigo daga Turai, abu na farko da zai ce shi ne, "Oga, a cire wannan, na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka dairek." Kar ka yarda. In babu tamosta inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, man juye ya tsinke. Sa sabuwa, ka tabbatar fanka na tashi da kanta. Haka farantin robar nan da ke ƙarƙashin inji: ba ado ba ne, shi ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto, kada a yar da shi don ganda.

Abu biyu kuma ka riƙe. Asalin injin na motar da ke ja da gaba ne, aka juya shi ya miƙe daga gaba zuwa baya, ruwa ya zamana ta gaba yake shiga, ta gaba yake fita, don haka silinda ta huɗu da ke can baya ta fi shan zafi. Sannan allurar zafi da ke gabanka ba ta faɗin gaskiya da wuri: takan tsaya a tsakiya ƙyam, sai abu ya yi nisa take motsawa. Da ka ga ta gota, tsaya. Zuba ruwan lagireto na gwangwani mai maganin tsatsa, ba ruwan rijiyar burtsatse ba, ka canza duk shekara biyu. Kada ka taɓa buɗe murfin da zafi.

Mataki na 4: Bel ɗin tayimin

Shi ne bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin. Ƙa'idarsa mil 60,000, wato wajen kilomita 96,000, amma bel ɗin da ya haura shekara bakwai a zafinmu ban amince da shi ba ko nawa mita ta nuna. Sa'ar da aka yi, a wannan inji in ya tsinke fistin ba ya dukan bawul. Sai dai ya bar ka a bakin hanya. Tunda an riga an buɗe gaba, a canza famfon ruwa, da fulin da ke ɗame bel, da robobin da ke tare mai, duk a zama ɗaya.

Idan taka ta 1990 ce ko farkon 1991, ƙirga tsagar da ke fuskar fulin ƙasa. In huɗu ne, kana da kurangshaf (sandar da fistin ke juyawa) mai gajeren hanci, wanda in ba a ɗaure babban notinsa daidai ba yakan cinye ramin makullinsa, fuli ya fara rawa, mota ta rasa ƙarfi. Wannan noti da sufana mai awon ɗauri ake ɗaure shi, ba da dogon bututu da "ya ji, ya ji" ba.

Mataki na 5: Wuta, iska, fetur

Zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa cikin ramukan da tocila kafin ka kwance komai. Na taɓa tsayawa kan wata da ke tuntuɓe in an taka wuta, har an gaya wa mai ita sai an sauke inji an sa ring. Da muka zaro waya ta uku, bakinta na ɗigar mai kamar an tsoma ƙosai. Gaskit ɗin murfin sama ne kawai ya bushe, mai ya cika ramin fulogi. Aka tsane da tsumma, aka sa sabon gaskit da wayoyi, tuntuɓe ya wuce.

Fulogin NGK BKR6E-11 ko BKR5E-11 ake sa mata, tazarar bakinsa milimita 1.0 zuwa 1.1. Ɗaura shi inji na sanyi, ka fara murzawa da yatsu, don alminiyam ba ya jure tilas. Wayoyin ma canza su. Kwayil ɗinta kan saki wuta ga silinda biyu a lokaci guda, saboda haka wayoyin sun fi na wasu motoci wahala, ba su cika wuce kilomita 50,000 da lafiya ba.

Filtar iska ka duba ta kafin hunturu da bayansa. Ɗaga ta a rana, in haske bai ratsa ba a yar. A mai 1.6, jikin akwatin filtar akwai na'urar awon iska mai soket da ƙananan kusoshi biyu a gefe. Kada ka kwance kusoshin nan, wayoyin ciki za ka tsinke. Waya ce siririya ta riƙe soket ɗin, ita ake ɗagawa.

Filtar fetur kuwa tana ƙarƙashin mota kusa da tayar baya ta dama, bayan wani murfin roba, shi ya sa ake mantawa da ita shekara da shekaru. Buɗe murfin tanki ya huce, yi aikin a fili, nesa da mai shayi da garwashinsa.

Mataki na 6: Saitin wuta da silo

Wannan shi ne ƙarshen aikin inji, ba farkonsa ba. Wanda ya saita tayimin a kan matattun fulogi aikin banza ya yi. Bari inji ya yi zafi, kashe fitilu da AC. Buɗe ɗan akwatin gwaji da ke ƙarƙashin bonet, ka haɗa ramin TEN da na GND da guntuwar waya. Karanta zanen da ke cikin murfin da kyau, in ka kuskure rami fis zai tashi. Batirin motar a but yake, don haka an tanadi wani shuɗin soket a gaba inda za ka ba fitilar tayimin wuta. Haska fulin ƙasa: tsagar ta tsaya kan digiri 10. In ta kauce, sassauta notin na'urar nan ta bayan inji, ka juya ta kaɗan-kaɗan har ta zauna. Silo kuma a bar shi a juyi 850 a minti, da sukurun da ke jikin maƙogwaron iska. Cire wayar in ka gama.

Masu son gudu a waje sukan kai shi digiri 14 don ƙarin kuzari. Wanda wani lokaci dole ke sa shi sayen mai a galan wajen 'yan bumburutu, gara ya tsaya a 10.

Mataki na 7: Ƙafafu

Man birki DOT 3 ne, a zuƙe shi gaba ɗaya duk shekara biyu, tare da na kuloci. In fedar kuloci ta fara nutsewa, duba ƙaramar silindar da ke jikin giyabos, ita ce ke fara yoyo. Zare sandunan da birki ke zamewa a kai ka sa musu giris. Giyabos na cin wajen lita biyu na 75W-90, aksul ɗin baya kuma GL-5 yake so. Kullum fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, kar ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi motsi.

Taya kuwa kada zanenta ya ruɗe ka. Nemi lambobi huɗu a gefenta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Ta wuce shekara shida, ta zama katako. Iska fam 26 motar ke so. Mai faci in ba ka tsaya a kansa ba 40 zai ɗura, motar da nauyinta wajen tan guda ne kawai ta riƙa tsalle kamar akuya.

Mataki na 8: Rufi da tsatsa

Ruwan da ya sauka kan rufin tamfol ta wasu ramuka biyu yake fita, a bayan kujeru, dama da hagu. Ƙurar hunturu kan toshe su, damina ta zo ruwa ya taru ya ci ƙarfen da ke gaban tayoyin baya daga ciki. Kafin ruwan farko zura musu siririn buroshi mai laushi, ka zuba ruwa kofi guda ka ga ya fito ta ƙasa. Motar da ta fito daga ƙasar da ake watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, a ɗaga ta a ƙwanƙwasa ƙasanta da sukudireba.

In an gama, fita da ita tafiyar rabin awa a buɗaɗɗiyar hanya, ba zagayen unguwa ba, ka bar allurar inji ta hau sosai sau biyu ko uku bayan ta yi zafi. Dawo ka bar ta ta huce, duba ruwa da mai, rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna a littafin nan. Da dare kuma shimfiɗa mata sabon kwali.