Yadda za ka kama folinomiyal ba tare da mainus ya cinye maka maki ba

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da ku ’yan SS1 da ake zuba muku x da y a allo kuna ta kallon malam, ku matso. Yawancin yaran da ke cewa aljabra ta fi ƙarfinsu ba lissafin ne ya gagare su ba, sunayen da malam yake kira ne ba su kama ba, sai ya ce a nemo kofishan yaro ya tsaya yana zare ido alhali abin yana gabansa.

To mu ɗauki guda ɗaya mu yi ta aiki da shi: 3x² + 5x − 7.

Harafin nan x shi ne bariyabul, wato lambar da ba mu san ta ba tukuna, yau tana iya zama 2 gobe ta zama 10. Kowane gutsure da fulos ko mainus ya raba shi da ɗan uwansa sunansa tam, kaga nan muna da uku kenan, 3x² da 5x da −7. Ka lura na ce −7 ban ce 7 ba, alamar da ke gaban tam tashi ce, duk inda za ka kai shi da ita zai tafi. Lambar da ke manne da harafi ita ce kofishan, 3 da 5 a nan, in kuma ka ga x tsirara ba lamba to 1 ne a ɓoye, −x kuma −1. Wanda ba shi da harafi ko kaɗan kamar −7 shi ne konstan. Ƙaramar lambar da ke saman x ita ce fawa, fawar da ta fi girma ita ake kira digiri, namu digiri 2 ne. Duka jerin shi ne folinomiyal, da sharaɗin fawar ta zama cikakkiyar lamba mara mainus, don haka 1/x ko √x ba sa ciki.

Shikenan sunayen fa, ba su da wani yawa.

Yanzu tarawa. Doka ɗaya ce, iri ɗaya kawai ake haɗawa, x² da x², x da x, konstan da konstan. Mai awo in kin ce mata tiya 3 ta gero da tiya 5 ta dawa ba za ta ce miki tiya 8 ta gero ba, haka 3x² + 5x ba zai taɓa zama 8x² ko 8x³ ba, a haka ake barinsa. Idan muka tara namu da x² − 2x + 4, sai 3x² da x² su ba da 4x², 5x da −2x su ba da 3x, −7 da 4 su ba da −3, amsa 4x² + 3x − 3.

Ɗebewa kuwa nan ne nake so ka natsu don wallahi nan maki yake zubewa, kuma abin takaici yaron ya iya, gaggawa ce kawai. A ce (3x² + 5x − 7) − (x² − 2x + 4). Wannan mainus ɗin da ke gaban buraket na biyu ba na x² kaɗai ba ne, na kowa ne a ciki, yana shiga ya juya alamar kowane tam, x² ya koma −x², −2x ya koma +2x, +4 ya koma −4. Kar ka yi shi a ka, rubuta layin gaba ɗaya: 3x² + 5x − 7 − x² + 2x − 4, sannan ka haɗa ’yan iri ɗaya ka samu 2x² + 7x − 11. Wanda ya juya na farko kaɗai ya manta sauran zai samu 2x² + 3x − 3, kuma masu shirya tambayoyin zaɓi sun san wannan kuskuren sarai, sau da yawa za ka tarar da irin wannan amsar zaune a B ko C tana jiranka, ka gan ta ka yi murna ka shafa.

Sai ninkawa. Farko ka raba tsakanin x + x da x sau x, na farko 2x ne na biyu x². In ana ninka harafi ɗaya fawa ake tarawa, x² sau x³ ya zama x⁵. In buraket biyu ne kamar (x + 3)(2x − 5) kowane tam na farkon sai ya ninka kowane tam na biyun, biyu sau biyu kaga abu huɗu za su fito, in ka ga uku to ka tsallake wani. x sau 2x ya ba da 2x², x sau −5 ya ba da −5x, 3 sau 2x ya ba da 6x, 3 sau −5 ya ba da −15, ka haɗa na tsakiyar ka samu 2x² + x − 15.

Kuma don Allah (x + 4)² ba x² + 16 ba ne. Rubuta shi (x + 4)(x + 4) ka buɗe, x² + 8x + 16 zai fito, wannan 8x ɗin shi ake yawan jefarwa.

Abin da nake ganin ya fi komai amfani kuma ba a cika nanata shi a aji ba shi ne gwada amsa, ba sai ka jira malam ya yi makin ba kai da kanka za ka san ka ci ko ka faɗi. Zaɓi ƙaramar lamba ka sa a madadin x a cikin tambayar, ka sake sa ta a amsarka, dole su zo daidai. A ɗebewar da muka yi sa x ya zama 3, buraket na farko 27 + 15 − 7 wato 35, na biyu 9 − 6 + 4 wato 7, a cire saura 28. Amsarmu 18 + 21 − 11, 28 cif. Amsar mai gaggawa 18 + 9 − 3, 24, ta tonu. Amma kar ka sa 0 don yana kashe duk tam mai x, kuma in akwai lokaci gwada lamba biyu daban, domin a wannan tambayar in ka sa 2 amsar daidai da ta kuskuren duka 11 za su ba ka.

Ga na gwaji, ka yi a takarda ba a waya ba: (4x² − x + 6) − (2x² + 3x − 1), sai (2x − 3)(x − 4), sai (x − 5)². Kowanne ka gwada shi da 1 sannan da 3.