Kurakuran da Iyaye Suka Fi Yi Wajen Tafiya da Yara, Daga Fasfo Har Daren Fatalwa

A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya, fasfon babba shekara 10 yake yi, na yaro kuwa shekara 5. Wannan ɗan bambancin ya rushe tafiyar iyalai da yawa. Maigida ya duba nasa ya ga da sauran shekara huɗu, sai ya ɗauka na kowa a gidan ma haka yake, tunda rana ɗaya aka karɓo su. Ana saura mako biyu a tashi, uwargida ta buɗe na yarinya don cike wata takarda, ta tarar ya mutu tun bara. Ga tikiti an saya, ga kuɗin otal an biya.

Ko bai mutu ba, wani lokacin sauran kwanakinsa ba sa isa. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fita daga yankin, kuma ya zama an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Tailan wata 6 suke nema. Ba sai ka isa can za a tare ka ba, tun a wurin auna kaya ma'aikacin kamfanin jirgi zai mayar da kai, domin su ake ci tara idan suka ɗauko wanda ba a yarda ya shiga ba. Gyaran ba wuya: kafin a taɓa maganar tikiti, a fito da fasfon kowa a baje a kan tebur, a karanta kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Biza da takardun da ake mantawa

Wanda yake mafarkin kai iyalinsa Paris yakan ce tunda an zo, bari a leƙa Landan, ai jirgin ƙasa ne ta ƙarƙashin teku, sa'a biyu da 'yan mintoci. Haka ne, amma Birtaniya ba ta cikin Shengen, Ailan ma haka. Idan fasfonka na buƙatar biza, to biza biyu za ka nema, kowace da layinta da takardunta. Ita ta Shengen ana karɓar takardun nemanta tun ana saura wata 6 a tafi, kuma sharaɗi ne kowane matafiyi, har jariri, ya kasance da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Bisa ƙa'ida kwana 15 ake yi ana duba takardu, amma yana iya kaiwa 45. Masu jira sai an kusa hutun makaranta su ne suke tarar da babu gurbin ganawa. A kuma tambaya ko ƙasar da jirgi zai yada zango tana neman bizar wucewa, ko da ba za a fita daga filin jirgi ba.

Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai yi tafiya da yara, a riƙe takardar haihuwarsu da wasiƙar amincewar ɗayan, musamman idan sunan ƙarshe na yaron ya bambanta da na wanda ke riƙe da shi. Jami'in shige da fice ba ya ganin kama a fuska, takarda yake gani. Allurar shawara kuma, ga ƙasashen da ke neman katinta, sai ta yi kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki.

Akwai wani tarko da ya shafi 'yan goye. Yaron da bai cika shekara 2 ba yana iya zama a cinya, kuɗinsa kaɗan ne. To amma ranar kowane tashi ake dubawa. Idan zai cika shekara biyun kuna can, a dawowa sai an saya masa kujerarsa. Haka nan sayen tikiti biyu daga kamfanoni daban don neman sauƙi: idan jirgin farko ya makara kuka rasa na biyu, babu wanda zai ɗauki nauyinku, kuma sai kun karɓi akwatuna kun sake aunawa a tsakiya. Mutum ɗaya da 'yar jakarsa yana iya yin wannan caca. Mai yara uku da keken jariri kada ya fara.

Cikin jirgin kansa ba zan daɗe a kai ba. Kukan da jariri ke yi lokacin sauka ciwon kunne ne: iskar ɗakin jirgi tana ƙara nauyi tana danne dodon kunne, haɗiya ce ke buɗe 'yar hanyar da ke tsakanin kunne da maƙogwaro. Saboda haka a jinkirta shayarwa zuwa lokacin da jirgi ya fara gangarowa, babban yaro kuma a ba shi abin tsotsa. Dokar da ta taƙaita ruwan jakar hannu zuwa mililita 100 a kowace kwalba ba ta hana madarar jariri, a dai fito da ita a nuna. Magani ya zauna a jakar hannu, cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Kuma kowa yana tuna kayan canji na yaro, ba mai tuna na wanda yaron zai yi wa amai.

Jadawalin manya a ƙafafun yara

A nawa ganin, kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi ba a takarda yake ba. Iyaye suna tsara tafiya da ƙarfin ƙafarsu da kwaɗayin idonsu, sai su manta wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ke riƙe da linzami. An kashe dukiya, saboda haka ana so a fanshe: safe hasumiya, rana gidan tarihi, yamma kogi, dare kasuwa. Zuwa kwana na uku yara sun zama abin ja, uwa da uba sun daina yi wa juna magana sai ta bakin yara.

Jiki yana ɗaukar kusan kwana guda kafin ya saba da kowace sa'a ɗaya ta bambancin lokaci, kuma tafiya gabas ta fi wahala. Iyalin da suka tsallake sa'a shida su sa ran yaro zai farka ƙarfe uku na dare yana neman abinci. Ranar farko kada a sa mata komai da aka biya wa kuɗi. A fita cikin hasken rana, a nemi fili su yi gudu, a kwanta da wuri. Daga nan kuma babban abu ɗaya a rana ya isa, a yi shi da safe, a koma masauki a huta. Abin da yara suka fi tunawa sau da yawa ba abin da aka biya ba ne. Nawa yaran har yau tantabarun da suka kora a wani dandali suke ba da labari, ginin da ke bayan tantabarun kuwa ko sunansa ba su riƙe ba.

A duba ranakun rufewa. Gidan tarihi na Louvre da ke Paris ba ya buɗewa ranar Talata, fadar Versailles da ke kusa da birnin kuma ranar Litinin. A Landan, shiga British Museum da gidan tarihin halittu mai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, duk kyauta ne, wanda ke nufin idan yaro ya gaji bayan minti arba'in sai ku fita ba tare da zuciya ta yi zafi ba.

Wuraren wasa kuma tsawo suke aunawa, ba shekaru ba. A Magic Kingdom, wurin wasan kamfanin Disney da ke Fulorida, sai yaro ya kai santimita 112 zai hau lilon da ake kira Space Mountain. Mun taɓa yin wannan kuskuren a wani wurin wasa. Wata biyu muna nuna wa autarmu bidiyon wani lilo mai gudu a kan dogo, muna cewa ranar nan za ki hau. Muka yi layi, aka tsayar da ita a jikin sandar awo, ta miƙe wuya, ta ɗaga dunduniya a ɓoye. Ma'aikaciyar ta sa tafin hannu a kanta, ta girgiza kai. Yatsa biyu ne suka rage. Yayyenta suka shige, ita kuwa ta zauna a ƙasa ta ce, "Baba, ai kai ka ce." Ban sami amsa ba. Da na auna ta a jikin bango tun a gida da takalminta a ƙafa, da wani abin na yi mata alkawari.

Yanayi ma ana yin sakaci da shi. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani a Satumba, kuma Fulorida da tsibiran Karibiyan suna kan hanyarta. Arahar tafiya can a wannan lokacin ba ta banza ba ce. A kudancin duniya kuma lissafin a juye yake, Yuli sanyi ne a Ostireliya. Ɗakin otal a Turai yana da adadin mutanen da doka ta yarda su kwana a ciki, kuma ana ƙirga yara, don haka dabarar "za mu matsa" ba ta aiki. Mai hayar mota a Birtaniya ya sani yaro sai da kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Kaka da daren fatalwa

Bikin Halowin na 31 ga Oktoba ya samo tushe daga Samhain, tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ailan da Sikotlan, waɗanda suka ɗauka a daren nan shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yana yin siriri. Da wata saiwa mai tauri suke yin fitilar fuska, sai masu ƙaura zuwa Amurka suka tarar kabewa ta fi sauƙin fafewa. Yau a waɗannan ƙasashe duk watan Oktoba cike yake da fita: gonar kabewa, gonar masara da aka yanka mata hanyoyi masu ɓad da mutum, yawon dare ana ba da labarin fatalwa, gidajen tsoro.

Kuskuren shi ne ɗaukar su duka abu ɗaya. Tallan iri ɗaya ne, kabewa mai murmushi da saƙar gizo-gizo, amma abin da ke ciki ya yi nisa da juna. Halloween Horror Nights, daren tsoro da wuraren wasan kamfanin Universal ke shiryawa, su da kansu sun ce bai dace da wanda bai kai shekara 13 ba. Na Disney kuwa an yi shi ne don ƙanana, sunansa ma yana cewa babu tsoro sosai. Gona guda tana iya zama wurin wasan yara da rana, da magariba ta koma wurin da mutum sanye da abin rufe fuska zai biyo ka da injin yankan katako yana ruri. An cire masa sarƙa, amma ɗan shekara biyar bai san da haka ba. A wannan shekarun yaro bai gama raba wasa da gaske ba. Gaya masa "ai mutum ne a ciki" ba ya shiga, idonsa ya riga ya ga dodo. A tambayi masu wurin kai tsaye: akwai masu fitowa su tsorata mutane? Daga ƙarfe nawa? Akwai ƙofar fita a tsakiya? Kuma kada babban wa ya zama ma'auni, shi yana dariya ƙanwarsa tana fitsari a wando.

Wasu wuraren kuma ba wasa ba ne sam. Garin Salem na jihar Massachusetts yana cika maƙil a Oktoba, masu hular mayu ko ta ina, amma tarihin da ya ba shi suna shari'ar 1692 ce, inda aka rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka danne wani dattijo da duwatsu har ya mutu. Matashi zai ƙaru da jin wannan, ƙaramin yaro kuwa cunkoso da gajiya kawai zai kwasa. Ramukan ƙasusuwa na ƙarƙashin Paris suna ɗauke da ragowar mutum sama da miliyan 6, ƙoƙon kai na gaske jere a bango. Matakala 131 ake sauka, a hau 112, babu wurin keken jariri, kuma idan an shiga gaba kawai ake yi. Bikin tunawa da matattu na Meziko, 1 da 2 ga Nuwamba, shi ma baƙi kan ɗauke shi Halowin saboda zanen ƙwarangwal. Iyalai ne ke ziyartar kaburburan 'yan uwansu da furanni da kyandir. Wanda ya shiga maƙabarta da yara suna ihun dodo ya ci zarafin mutane.

Sai duhu. Turai tana mayar da agogo baya da sa'a ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, saboda haka a daren Halowin rana tana faɗuwa a Landan tun kafin biyar na yamma, sanyi kuma ya biyo baya nan take. Kayan shigar dodanni yawanci sirara ne kuma baƙaƙe. A sa rigar ɗumi a ciki, a manna abu mai ƙyalli a baya, a ba kowane yaro tocila, domin direba ba ya ganin ƙaramin mutum cikin baƙar alkyabba. Fenti a fuska ya fi abin rufe fuska, wanda ke tare gani ta gefe. Alewar da yara suka tara suna bin gida-gida a daren a duba ta a gida kafin a ci, musamman idan akwai yaron da jikinsa ba ya son gyaɗa.

Akwai iyalan da ba sa shiga wannan biki saboda aƙidarsu, kuma kaka ba ta rage su da komai ba. Dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka da Kanada suna rikiɗa ja da ruwan ɗorawa a farkon Oktoba, gonaki suna buɗe wa mutane su tsinki tuffa da hannunsu. Mu ma bayan wani dare da muka fita daga gonar masara a guje, auta a kafaɗata ta cusa fuska a wuyana, can muka koma washegari. Ta cika kwando rabi da tuffa, rabi da busassun ganye, ta ƙi yarda a zubar da ko ɗaya. Ganyen sun yi sati a cikin akwati kafin su zama gari.