Darasi na Bakwai: Ɗora Injin Kafireto a Tsohuwar Mota da Rage Wayoyinta

Yawancin motocin da ke jigilar mutane da buhunan hatsi tsakanin Bauchi da garuruwan Dass, Alkaleri, Ningi da Darazo sun kwana biyu a duniya, kuma da dama daga cikinsu ba da injin da suka fito da shi daga kamfani suke tafiya ba. Idan injin injekta, wato mai fesa mai ta hanyar lantarki, ya gaji, ko ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta ƙone aka nemi irinta aka rasa, mai mota yakan sayi injin kafireto ɗan Beljiyam ya kai gareji a ɗora masa. Wannan darasi zai nuna yadda ake aikin, musamman ɓangaren wayoyi, domin mai mota ya fahimci abin da bakanike da mai wayarin suke yi masa, shi kuma yaron gareji ya san dalilin kowace waya da ya kama.

Ya kamata a faɗi gaskiya tun da wuri: injin injekta mai lafiya ya fi na kafireto tattalin mai, kuma hayaƙinsa ya fi tsabta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan bambanci ya zama kuɗi mai yawa a aljihun direba. Saboda haka wanda injektarsa ke gyaruwa, ya gyara abarsa. Amfanin kafireto ɗaya ne, amma babba ne: idan mota ta tsaya a ƙauye, bakaniken da ke da sifana da sukudireba zai iya tayar da ita ba tare da na'urar bincike ba.

Zaɓen injin

Aiki ya fi sauƙi idan injin da motar 'yan gida ɗaya ne. Peugeot 504, wadda muka sani da Fijo, an yi ta harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har zuwa 2006, kuma injinta mai silinda huɗu da kafireton Solex dangin wanda ke cikin 505 da yawa ne, don haka yakan zauna a 505 ba tare da an yanka ƙarfe ba. Haka nan injin kafireto na Golf 2 yakan shiga Golf 3. Kafin a biya kuɗi, a gwada mazaunin injin, a tabbata ramukan da ke haɗa shi da giyabos sun dace, kuma farantin kuloci ya shiga sandar giyabos daidai. Injin da sai an yi walda nan da can kafin ya zauna yakan jawo girgiza da karyewar salansa daga baya.

Maganar famfon mai

Nan ne haɗari mafi girma yake, kuma nan ne aka fi sakaci. Famfon man injekta, wanda galibi yake cikin tanki ko kusa da shi, yana turo mai da ƙarfin da ya kama daga bar 1 zuwa bar 3 (bar ma'aunin ƙarfin turi ne), wani ma ya wuce haka. Kafireto kuwa abin da yake buƙata bai wuce bar 0.2 zuwa 0.4 ba, domin wata 'yar allura ce kawai ke rufe ƙofar mai idan kofinsa ya cika. Idan aka bar tsohon famfon yana aiki, zai rinjayi allurar, mai ya tumbatsa ya zubo a kan injin mai zafi. Alamarsa ita ce warin fetur, baƙin hayaƙi, da fulogi da ke fitowa jiƙe sharkaf.

Abin da ya dace shi ne a yi amfani da famfon da ke jikin injin kafireton, wanda injin da kansa yake motsa shi, kamar na Fijo. Ba ya buƙatar waya ko ɗaya, kuma da injin ya mutu shi ma ya tsaya. Idan dole sai famfon lantarki, to a sayi mai ƙaramin ƙarfi wanda aka yi domin kafireto, a ba shi fis nasa da rile nasa, wato ɗan makullin da wuta ke kunnawa da kashewa, a kuma haɗa shi ta yadda zai daina turo mai da zarar injin ya tsaya. A da ƙwaƙwalwar motar ce ke kashe famfon idan an yi hatsari. Da aka cire ta, wannan tsaro ya tafi, sai dai mai wayarin ya maye gurbinsa.

Lambobin da ke jikin kayan wuta

Wanda ya iya karanta lamba ya riga ya samu rabin wannan ilimi, domin motocin Jamus da yawancin kayan wutar Turai suna ɗauke da lambobi iri ɗaya, an buga su a jikin roba ko ƙarfe kusa da inda waya ke shiga. Lamba 30 tana nufin wutar da ta zo kai tsaye daga batir, wadda take nan ko an cire makulli. Lamba 15 wuta ce da ba ta zuwa sai an murɗa makulli. Lamba 50 ita ce siririyar wayar da ke umartar sitata ta juya injin, 31 kuma ita ce at, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin ƙarfen mota. A jikin kwayil, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar fulogi, za a ga 15 a gefe guda da 1 a ɗaya gefen, kuma lamba 1 ce ke tafiya wurin distirbuta, mai raba wa fulogi wuta. Kowane ɗalibi ya nemi tsohon rile a gareji ya zo da shi aji, ya juya ƙasansa ya karanta wa abokan karatunsa lambobin da ke wurin: zai ga 30, 85, 86 da 87.

Injin kafireto ba ya buƙatar wayoyi da yawa kafin ya tashi. Akwai kakkaurar waya daga kan batir mai alamar tarawa zuwa sitata, da siririya daga makulli zuwa lamba 50. Akwai wutar lamba 15 zuwa kwayil. Wannan layi kuma shi ne yake ciyar da ɗan makullin lantarkin da ke jikin wasu kafiretoci, wanda idan bai samu wuta ba injin zai tashi amma ya riƙa mutuwa da an ɗaga ƙafa daga totur. Sai wayoyin altaneta guda biyu: mai kauri da ke kai caji batir, da siririya da ke zuwa fitilar caji a gaban direba. Kada a raina wannan fitila. A altaneta da yawa, 'yar wutar da ke bi ta cikin ƙwanta ce ke tayar da caji, don haka idan aka yanke wayar ko ƙwan ya mutu, batir zai iya ƙarewa a hanya alhali altanetar lafiyarta lau. Ragowar su ne wayar ma'aunin zafi, ta fitilar baƙin mai, da ta fankar lagireto.

Kwayil kuma iri biyu ne. Wani yana karɓar wutar batir gaba ɗaya, wani kuma an yi shi ne ya yi aiki tare da wata 'yar na'ura mai rage wuta. Idan aka ba na biyun cikakkiyar wuta, zai yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ya kuma ƙone bakin kontak, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikin distirbuta, cikin ɗan lokaci.

Yadda ake rage wayoyin

Da farko a cire kan batir mai alamar ɗebewa, sannan a ɗauki hoton komai da wayar hannu. Duk wayar da aka zare, a naɗa mata farin salatif a rubuta lamba, a kuma rubuta lambar a littafi tare da inda wayar ta fito. Wasu masu wayarin sukan sa almakashi su datse damin wayoyin injekta gaba ɗaya domin su gama da wuri, kuma a ganina wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido, domin a cikin damin nan sau da yawa akwai wayar ma'aunin zafi, ta fitilar ribas, ko at ɗin da wasu kayan ke rabawa. Hanyar da ta fi ita ce a warware salatif ɗin damin, a bi kowace waya da hannu daga wannan kai zuwa wancan, wadda aka tabbata daga ƙwaƙwalwa ta fito kuma a jikin tsohon injin ta ƙare ita kaɗai za a fitar. Wayoyin fitilu, na sigina, na birki, na oda da na mashafin gilashi ba su da alaƙa da wannan aiki, a bar su yadda suke.

Kowane sabon layi sai da fis, kuma fis ɗin ya kasance kusa da inda wutar ta taso. Lissafinsa ba wuya: a raba ƙarfin na'ura, wato wat ɗinta, da 12, wato bolt ɗin batir. Manyan fitilu biyu masu wat 55 kowace sun zama 110, a raba da 12 a samu amfiya 9 da ɗoriya, don haka fis mai 15 ya wadatar. Launi ma yana taimakawa, domin a irin fis mai ƙafa biyu ja 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Wanda ya cusa guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbin fis ya mayar da wayar motar kanta abin da zai ƙone. Inda aka haɗa waya biyu a yi dalma ko a matse da marikin ƙarfe, domin murɗawa da hannu da naɗa salatif ba ya jure zafin Maris da Afrilu na ƙasar Bauchi. Inda waya ta ratsa ƙarfen bodi a sa mata zoben roba. Kada kuma a manta da kakkaurar wayar at tsakanin injin da bodi, a kankare fenti da tsatsa a wurin ɗaure ta. Idan babu ita, wutar sitata takan bi ta wayar totur ko ta kuloci har ta yi zafi.

Tashin farko

Kafin a murɗa makulli, a tabbata tiyon iskar da ke taimaka wa birki ya koma jikin injin, in ba haka ba birki zai yi tauri kamar dutse. Tazarar bakin kontak takan kasance milimita 0.4. Tsarin wutar silinda huɗu 1-3-4-2 ne, amma a injin Fijo ana fara ƙirga silinda ta ɗaya daga ɓangaren kuloci, ba daga gaba ba, kuma wannan yakan rikita wanda ya saba da motocin Japan. A ajiye abin kashe gobara a kusa. Da injin ya tashi a sa mita a kan batir: wanda ya cika yakan nuna bolt 12.6 kafin a tayar, idan kuma caji na tafiya zai hau tsakanin 13.8 da 14.4. A jira har fanka ta kama da kanta ta kuma tsaya, a duba ko mai na ɗiga, sannan a mayar da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ba ta yafe wa wanda ya tafi babu ita. Gwaji na gaskiya shi ne hawan hanyar Jos bayan an wuce Toro, mota da kaya, ido a kan ma'aunin zafi.

Sabon injin yana da lambarsa dabam da wadda ke cikin takardun mota. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin daga hannun mai sayarwa, a je ofishin lasisin motoci a gyara takardun. Mai wayarin kuma ya zana sabon tsarin wayoyin a takarda, da lambobinsu da girman kowane fis, a sa a leda a ajiye tare da takardun motar, domin bakaniken da zai buɗe ta nan gaba a Azare ko Misau ya san inda zai fara.