Idan tsoho ya ƙi wanka, ku gwada wannan

'Yan'uwa masu jinyar tsofaffi, ga dabarar da ta rage min ja-in-ja.

Kada ku tuɓe shi gaba ɗaya. Ku lulluɓe shi da babban tawul, ku buɗe wurin da za ku wanke kaɗai. A wanke, a tsane, a rufe, sannan a matsa gaba. Al'aura a ƙarshe. In hannunsa na aiki, ku miƙa masa tsumman ya wanke da kansa.

Da yawansu ba ruwan suke gudu ba, kunya ce. Mutumin da ya shekara 70 yana suturta kansa, yau ɗan cikinsa ko baƙuwar nas na ganin tsiraicinsa, wallahi abin da ciwo. Ga kuma sanyi: kitsen ƙarƙashin fata yana raguwa da tsufa, nan da nan ɗari ke kama su.

Ku fara tambayarsa, namiji yake so ya yi masa ko mace? Kada ku yanke masa hukunci don kun san addininsa ko ƙabilarsa.

Kuna wankewa kuna duba ƙugu, diddige da ƙasan baya, nan gyambon kwanciya ke farawa. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya fi duhu ko zafi.

Dabarar ba ta cika aiki ga mai cutar mantuwa da ya firgita ba. Ku ƙyale shi, ku dawo anjima. In kuma ciwon gaɓoɓi ne ke hana shi, sai a yi wa likita magana.