Karatun yaro mai sikila in ciwo ya hana shi zuwa lakwal

Iyaye, in yaron CI ko CP (aji ɗaya ko aji biyu na firamare) ya kwanta sati biyu, kada ku jira ya warke kafin ku nemi mushensa. Ku roƙe shi ya riƙa ɗaukar hoton allo kullum, ya haɗa da saƙon murya na minti biyu ta WhatsApp. Hoto da murya ba su cin kuɗin intanet kamar bidiyo. Ku sauke su da dare, ku caja salula tun akwai kuran, kun dai san yadda ake yanke kuran a Yamai lokacin zafi.

Zama ɗaya minti 15 ya isa, sau biyu a wuni, lokacin da maganin ciwo ya fara aiki. Ƙarancin jini na gajiyar da shi da wuri. In kuka matsa, karatun zai tsana. Ya kwafe darasin da hannunsa a kaye, gorar ruwa na gefensa, don ƙishirwa na tayar da ciwon. In zafin jiki ya kai digiri 38,5, a ajiye komai a tafi likita.

Abin da ya fi damun yaro sau da yawa kewar abokai ce. Ku shirya kiran bidiyo da abokinsa ɗaya ran Laraba da marece, ba batun darasi, su yi shirmensu. Kuma kada ku ce masa allura ba zafi. Ku ce akwai zafi kaɗan, kuna riƙe da hannunsa har a gama.