Tsayuwa a Kufai: Yadda Ake Sauraron Waƙar Baƙin Ciki a Bakin Ummu Kulsum

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin Larabci ne, kuma cikin kayan da ya bari akwai wata jakar fata cike da kaset. Yawancinsu karatun Alƙur'ani ne da wa'azi, amma guda huɗu na Ummu Kulsum ne, mawaƙiyar Masar da ta rasu a Alƙahira a watan Fabrairun 1975. Ina ƙarama, idan an idar da isha'i aka ɗauke wuta, sai Baba ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakinsa, ya sa batir a rediyo, ya kunna ɗaya ƙasa-ƙasa. Abin da kunnena ke ji a lokacin, wata mata ce take ta nanata magana ɗaya, jama'a suna sowa. Sai bayan rasuwarsa, da na zauna da kaset ɗin ni kaɗai, na gane ashe irin wannan waƙa koyon jinta ake yi. Abin da na koya zan nuna maka, da waƙa ɗaya tak: Al-Aɗlal, wadda ta fara rerawa a 1966.

Nemi waƙar cikakkiya tukuna. Guntayen da ake yaɗawa a WhatsApp da TikTok kamar a ɗebo maka cokali ɗaya na miya ne ba tuwo. Rubuta Al-Atlal a YouTube, ka zaɓi wadda aka naɗa a gaban jama'a, inda za ka gan ta tsaye riƙe da hankici, makaɗa na zaune a bayanta. Takan haura minti 40, don haka sauke ta a waya lokacin da data ke da sauƙi. Kada ka kunna ta kana cikin adaidaita sahu ko kana bakin murhu. Bari sai dare ya yi, gida ya yi tsit, ka sa iyafis.

A jin farko, kada ka duba baitocin ko fassararsu. Takarda da biro kawai za ka riƙe. Kiɗan buɗewa zai ɗauki mintuna kafin ta buɗe baki, kada ka tsallake shi, domin Riyad al-Sunbaɗi, wanda ya tsara kiɗan, yana gyara maka kunne ne. Idan ka saba jin ƙira'ar Abdulbasiɗ ko Minshawi, hawa da saukar muryar ba za su zame maka baƙi ba, maƙamai, wato salon karin murya, iri ɗaya ake bi. Da ta fara, aikinka shi ne ka rubuta mintin duk wurin da ta koma kan baiti ɗaya. Za ta faɗe shi, ta sake faɗa tana jan wasali har ka zaci numfashinta zai ƙare, ta sake faɗa a ƙasa kamar da kanta take magana, sannan ta datse shi a tsakiya ta yi shiru. Kalmomin na marubuci ne, amma zaɓen inda za a tsaya a yi ta juyawa nata ne, kuma a nan take gaya maka inda ciwon yake. Idan ka rasa gane wurin, jama'ar zauren za su nuna maka, sai ka ji sun ɓarke da "Allah!" suna roƙon ta maimaita. Larabawa suna kiran wannan hali ɗarab. Mutane ne da suka saba da ita, don shekara da shekaru tana wasa ranar Alhamis ta farkon wata, gidan rediyon Masar yana yaɗawa kai tsaye. Bi sawunsu.

Washegari ka nemo baitocin da Larabci, ka kwafe su da hannunka a littafin rubutu, kana barin fili a gefe. Na zaɓi wannan waƙa ne saboda da Larabcin littafi aka rubuta ta. Wanda ya yi Islamiyya zai tsinci kalmomi da yawa, ga shi kuma tana fitar da kowane harafi daga mafitarsa, gadon mahaifinta, limamin ƙauye da ya koya mata karatu tun tana yarinya. Waƙoƙinta na karin harshen Masar, irin su Inta Umri ta 1964, ka ajiye su sai gaba, domin a can ƙaf takan ɓace, ƙalbi ta koma albi, jim kuma ta koma ga. Wanda ba ya sauraron kiɗa ma yana iya tsayawa a kan takardar, akwai abin ci a cikinta.

Fara da sunan waƙar. Aɗlal da Hausa kufai ke nan. Duk wanda ya taɓa ratsa kufai ya san shi: ragowar katanga ta zube ta zama tudu, duwatsun murhu uku suna nan da baƙin hayaƙinsu, fasassun tukwane, rijiya ta cike da ƙasa, ga kukoki tsaye babu mai zama a inuwarsu. Mawaƙan Jahiliyya sukan buɗe ƙasida da tsayawa a irin wannan wuri, inda dangin masoyiya suka taɓa yada zango suka tashi. Wanda ya karanta Imru'ul Ƙaisi a zaure ya san haka. To, sunan kaɗai ya amsa maka tambayar da za ka riƙa yi wa kowace waƙar baƙin ciki: daga ina mai maganar take magana? Ana shirin rabuwa ne, ko ana tsakiyar rikici, ko an daɗe da watsewa? A nan an daɗe. Ba neman sulhu take ba, dawowa ta yi tana duba inda gida yake a da. Ja layi a ƙarƙashin aikatau na abin da ya wuce, za ka ga yadda suka yi yawa.

Baitin farko yana da tarko ga kunnen Bahaushe. Za ka ji kalmar hawa a ƙarshen sashen farko, ka sake jin ta a ƙarshen na biyu. Ta farko so take nufi. Ta biyu, da haruffa iri ɗaya, faɗuwa take nufi, wato so bene ne da aka gina da mafarki, sai ya rufto. Mu a wurinmu hawa zuwa sama ne, a can kuwa rikitowa ƙasa ne. Malaman balaga suna kiran wannan jinasi, kuma ba baƙonmu ba ne, tunda kukan ido da kukar miya karin sauti ne kawai ya raba su. Irin wannan ne ya sa ba na yarda a dogara da fassarar na'ura. Za ta ba ka so, ta ba ka faɗuwa, amma ba za ta gaya maka cewa da murya ɗaya aka furta su ba. Buɗe ƙamus, ka duba kowace kalmar da aka maimaita, ko tana da fuska biyu.

Sai ka bi baitocin ɗaya bayan ɗaya kana rubutawa a gefe: da wa ake magana a nan? Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini amfani. Waƙar ta buɗe tana magana da zuciyarta. Can sai ta juya ga masoyin. A wani wurin ta kira mai kwana ido biyu, wanda kana iya cewa ita ce da kanta. Duk inda aka sauya wanda ake kira, saurara da kyau, sau da yawa kiɗan ma yakan sauya a wurin.

Akwai wani abu da Baba ya rubuta da fensir a takardar cikin kwalin kaset ɗin, wanda daga baya na tabbatar haka yake. Marubucin waƙar, Ibrahim Naji, likita ne, ya rasu a 1953, shekara 13 kafin a rera ta, kuma daga ƙasidunsa biyu aka tsamo baitocin aka haɗa. A yadda ya rubuta buɗewar, yana nema wa so rahamar Allah ne, kamar yadda muke cewa Allah ya jiƙan wane. A bakin Ummu Kulsum an sauya, ta zama tana hana zuciyarta tambayar inda so ya tafi. Dubi tazarar da ke tsakani. Na farko ya riga ya binne gawa ya karɓi gaisuwa. Ta biyu tana da zuciyar da har yanzu take leƙa ƙofa, sai an tsawata mata. Ni na fi son ta biyun, don ta fi kama da yadda rashi yake a gaskiya. Duk lokacin da ka samu rubutaccen asali, gwada shi da abin da aka rera.

Wurin da ya fi shahara shi ne inda take neman a ba ta 'yancinta, a sake mata hannuwa, tana cewa marin ƙarfen da aka ɗaura mata ya fitar da jini a wuyan hannunta. A kaset ɗinmu muryar tana rawa a daidai nan, saboda Baba yakan cire shi ya zura biro ya mayar da zaren baya, don kada ya cinye batir, har zaren ya gaji. Kula da gaɓar da aka ambata. Wuyan hannu shi ne mazaunin awarwaro, inda ake sa wa mace abin ado na kyauta. Wurin kwalliya shi ya zama wurin rauni. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, masu sauraro da yawa a ƙasashen Larabawa sun ji wannan baiti a matsayin kukan al'umma, ba na masoya kaɗai ba. Ban ƙi wannan fahimta ba, amma ka ƙoshi da ma'anar fili kafin ka tafi neman ta ɓoye. Kuma kada ka ce labarin rayuwar mawaƙiyar ne, namiji ne ya rubuta tun ba ta san za ta rera ba. Sai dai nauyin kalma yakan sauya da wanda ya furta ta. Ranar da na fassara wa Goggo wannan wuri, ita da aurenta ya mutu bayan shekara 20, ta daɗe ba ta ce komai ba, tana ta tsince shinkafa a faifai. Can ta ce, "Wannan baiwar Allah ta san zaman haƙuri."

Goggon nan ita ta sa na gane cewa dabarar tana aiki a waƙoƙin matanmu. Mai waƙar niƙa ba ta kama sunan miji, kunya ta hana, ba ta kuma fito fili ta ce uwar miji ko kishiya ta ƙuntata mata. Sai ta ɗora maganar a kan tsuntsu, ko tulu, ko hanyar garinsu. Tambayoyin ba su sauya ba: wa take kira, wa ta ƙi ambata, wane abu take ta komawa kansa, a ina muryar ta yi ƙasa.

A ji na uku, ajiye littafin, ka saurara daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Kada ka kashe a wurin marin nan, ko da ya taɓa ka. Waƙar tana rufewa da sallama wa ƙaddara, tana cewa idan wata rana suka haɗu kamar baƙi, kada a ce su suka so haka, rabo ne. Wanda ya tsaya a tsakiya ya ɗauki rauni ya bar ɗaurinsa. Idan kuma rashinka sabo ne, jinkirta. Ni sai da na yi wata bakwai bayan rasuwar Baba kafin na iya buɗe jakar.

Idan ka gama da wannan, nemi Agadan Alƙaka ta 1971. Al-Hadi Adam, marubuci ɗan Sudan, shi ya rubuta ta, Ummu Kulsum ta zaɓe ta bayan ziyarar da ta kai ƙasar a 1968, Muhammad Abdulwahab ya yi kiɗan, ita ma da Larabcin littafi. Sunanta tambaya ce, shin gobe zan sadu da kai. A nan mai maganar ba a kufai take ba, a daren jajiberin haɗuwa take, amma za ka ji tsoro a muryar. Buɗe sabon shafi, ka rubuta mintunan da ta tsaya a kan kalmar gobe.